Kukan Gidansu: Tambayoyi Kan Makarantun Asabar na Girkawa

Wani Bakano mazaunin birnin Melbourne na Ostareliya ya rubuto yana cewa: "Malam, maƙwabtana Girkawa ne. Duk Asabar da safe sai su kwashi yaransu zuwa wata makaranta da ke harabar cocinsu a koya musu Girkanci, in an tashi kuma a shiga koyon rawar gargajiya. A nan aka haifi yaran, iyayensu ma haka. Maiɗakina ta ce ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abokina ya ce wahalar banza ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. Wane karin maganar ne ya dace da su?"

Malam, uwargidanka ta fi kusa da gaskiya, amma sai mun lura da abin da karin maganar ya faɗa. Magabata ba su ce kukan jininsu ba, kukan gidansu suka ce. Masu nazarin tsuntsaye sun tabbatar cewa zakara da kurciya ba sa koyon kuka, da shi ake ƙyanƙyashe su. Amma yawancin ƙananan tsuntsaye masu rera kuka sai sun ji na manya tun suna 'yan tsaki, in aka raba su da manyan sai kukan ya fito a gurgunce. Ɗan Adam yana cikin kashi na biyu. Ba a haihuwar yaro da Girkanci ko Hausa a baki, abin da kunnensa ya sha shi harshensa zai mayar. Mutane da yawa suna jawo wannan karin magana don su kwantar da hankalinsu, wai ɗan Bahaushe ko a ina ya tashi Hausa za ta zo masa da kanta. Ba za ta zo ba. Maƙwabtanka sun gane haka, shi ya sa suke tashi da sassafe ranar da kowa ke hutu.

Ka san yadda suka je can. Ƙungiyar Girkawan Melbourne tsohuwa ce, tun 1897 aka kafa ta, amma ambaliyar ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar da ya biyo baya a ƙasarsu Girka daga 1946 zuwa 1949, wanda ya bar ƙauyuka cikin fatara. A 1952 aka ƙulla yarjejeniyar kai ma'aikata Ostareliya, matasa suka riƙa cika jiragen ruwa, suka shiga masana'antu. Waɗannan matasan su ne kakannin yaran da kake gani, su ake kira "yaya" da "papu", wato kaka mace da kaka namiji. Abin da aka saba gani a tsakanin baƙi ko'ina shi ne, wanda ya zo yana magana da harshensa tsantsa, ɗansa yana ji yana mayarwa amma da gauraye, jika kuwa sai gaisuwa da sunayen abinci. A kan jikan nan ake wannan fafutuka.

Karin maganar abokinka kuwa ba ta ce abin da yake so ta ce ba. Tsumma aka ce a ɗaura, ba a ce ka tsiro da wutsiya ba, kuma abin da aka ɗaura ana kwance shi in an koma ɗaki. Ladabin zama da mutane take koyarwa, kada baƙo ya zama saniyar ware a garin da ya ba shi masauki. Yaran nan daga Litinin zuwa Juma'a suna makarantar gwamnati da Ingilishi, suna buga ƙwallo da 'yan unguwa, sun ɗaura tsumman ke nan. Safiya ɗaya da suka ware wa kakanninsu ba ta ɓata wa kowa rai. Karin maganar da zan ƙara maka, wadda nake ganin ita ce ke ci wa tsofaffinsu tuwo a ƙwarya, ita ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Girkawa suna da kalma ta musamman, "ksenitiya", mai nufin zaman baƙunta a ƙasar wasu tare da kewar da ke cikinsa, kuma suna da tarin waƙoƙin gargajiya a kai, na uwa mai jiran ɗa da matar da miji ya bari.

Wata malama daga Zariya ta ce tana fassara wani rubutu kan irin waɗannan makarantu, ta ci karo da kalmar "diaspora". Ta tambaya ko 'yan ci-rani zai yi.

Malama, ba zai yi ba a ko'ina. Ci-rani tafiya ce mai wa'adi: an gama girbi, an sa hatsi a rumbu, mutum ya tafi birni ya cinye rani da neman kuɗi, hadarin farko ya dawo da shi gona. Girkawan da suka tafi Jamus ta Yamma bayan yarjejeniyar 1960 ana iya kiransu haka, don da niyyar komawa aka ɗauke su, kuma da yawa sun koma. Amma jikan da aka haifa a Melbourne ba shi da gonar da ke jiransa. Baƙo ma bai dace ba, tunda an ce baƙo raɓa ne, su kuwa hantsi ya yi ba su bushe ba. 'Yan gudun hijira ya dace da wani kashi kaɗai, kamar Kiristocin da suka bar Turkiyya, mutum fiye da miliyan 1, a lokacin yaƙi da musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya.

Ita kalmar da kika tambaya asalinta Girkanci ne, daga aikatau mai nufin warwatsawa, kamar yadda ake yafa iri. Gidajen rediyo suna cewa mazauna ƙasashen waje, kuma ba laifi. Ni dai in ana maganar mutanen da suka zo suka zauna har suka hayayyafa, na fi son 'yan kaka-gida. In kuma unguwarsu ake nufi, irin Oakleigh a Melbourne ko Astoria a New York, inda za ki tarar da cocinsu da kantunansu da gidajen abincinsu a jere, muna da kalma da ta fi kowace: zango. Asalinsa masaukin ayari ne, sai fatake suka zauna ya zama unguwa, kamar na Kumasi da Akara. Girkawa ma sun yi zangunansu a nahiyarmu, a Iskandariyya da Khartoum, da makarantunsu da cocinsu. Ko a nan gida, duk wanda ya san kantin Leventis ya san kasuwancin da wani Bagirke ɗan tsibirin Saifurus ya kafa.

Tambaya ta uku daga wani ɗalibin Hausa ce. Ya ga bidiyon yaran nan sun kama hannun juna sun yi da'ira suna zagayawa, yana so ya san ko gaɗa za a kira wannan ko rawa.

Ɗalibi, rawa ce, ko da yake na ga abin da ya sa ka tuna gaɗa. Gaɗa wasan 'yan mata ne a dandali, galibi da daddare. Ba makaɗi, tafi ne kiɗanta, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, kuma a wasu nau'o'inta yarinya takan faɗo da baya ƙawayenta su tare ta su cilla. Abin da ka gani yana da makaɗa, maza da mata suna ciki, tsoho da yaro. Rawa kalma ce mai faɗi, ta haɗa duk motsin jiki da ke bin kiɗa, shi ya sa muke da rawar Koroso da Asauwara da rawar 'yan hoto, har muka ari kalmar muka ba jiki in sanyi ya kama shi. A ƙarƙashinta akwai rausaya, mai taushi da lanƙwasa, akwai cashewa, mai zafi da buga ƙafa.

Wadda ka gani mai yiwuwa kalamatiyanos ce, don tana cikin na farko da ake koya wa yara. Sunanta daga garin Kalamata ne. Da'irar ba a rufe take ba, ana tafiya ta hannun dama, taku 12 ne ake maimaitawa, na gaba shi ke jan layi, sau da yawa da hankici tsakaninsa da na biyu don ya samu sakewar juyi da tsalle. Wannan rausaya ce. Pentozali ta tsibirin Kirit da serra ta mutanen gaɓar Baƙin Teku kuwa cashewa ce sosai. Kowane yanki da rawarsa da kayan kiɗansa: a Kirit wani ɗan goge ne mai tsirkiya 3 da suke kira lira, a yankin Ifirus kuma abin busa ne ke jan ragama. Don haka yaro ba rawar Girkawa kawai yake koya ba, yana koyon ta yankin da kakarsa ta fito. Sirtaki, wadda duniya ta fi sani, ba tsohuwa ba ce, a 1964 aka shirya ta saboda wani fim. Koyar da rawa da adana suturar gargajiya a tsare kuwa ya samu gindin zama tun 1911, lokacin da Kallirhoe Parren ta kafa a Atina, babban birnin Girka, ƙungiyar mata ta Lykeion, wadda yanzu take da rassa har a ƙasashen waje.

Me ya sa ake haɗa rawa da karatu? Yaron da aka raba da barcin Asabar aka zaunar da shi yana nahawu zai gaji. Rawar ce ke riƙe shi, a nan yake yin abokai, a nan ake sa masa kayan gargajiya ranar 25 ga Maris, ranar tunawa da tawayen 1821 a kan Daular Usmaniyya ta Turkawa, da 28 ga Oktoba, ranar da ƙasarsu ta ƙi miƙa wuya ga Italiya a 1940. A bukukuwan nan yara suna haddace waƙe su karanta a gaban iyaye. Kuma rawar ba ta nuna wanda harshensa ya yi rauni, jikan da ba ya iya haɗa jimla zai iya kama hannun kakansa a gidan biki su taka tare. Wannan alheri ne babba, amma nan ne kuma nake jin tsoro. Ƙafa ta fi harshe saurin koyo, kuma iyaye suna iya ganin ɗansu cikin ado yana juyi su ɗauka aiki ya kammala, alhali bai san abin da waƙar da yake takawa take cewa ba.

Wata Hajiya da ke zaune a Landan ta ce 'ya'yanta da Ingilishi suka buɗi baki. Ta tambaya, yaro irin wannan, nata ko na Girkawa, wanne ne harshen uwarsa? Kuma daidai ne a ce suna koyon yarensu?

Hajiya, harshen uwa fassara ce da ta shigo ta hanyar boko, kuma masana suna nufin harshen da yaro ya fara magana da shi, ko da ba na mahaifiyarsa ba ne. A wannan ma'ana na 'ya'yanki Ingilishi ne, na san ba daɗin ji. Hausa a wurinsu, kamar Girkanci a wurin jikokin can, harshen gado ne. Na zaɓi gado da gangan, don gado haƙƙin mutum ne ko bai nema ba, amma gonar gado in ba a noma ta ba sai ta koma saura. Yare kuwa ki yi hattara da shi. Bahaushe ya saba kiran harshen wasu yare, nasa kuma Hausa, har akan ce wane yana yare in ba a gane abin da yake faɗa ba. Akwai ɗan raini a ciki ko mai faɗa bai nufa ba. A rubutu da gaban jama'a, harshe ya fi.

Abin da makarantar Asabar take iya bayarwa shi ne karatu da rubutu, wanda gida ba ya cika bayarwa. Baƙaƙen Girkanci 24 ne, kuma sautin "i" kaɗai ana rubuta shi ta hanya 5 da aka saba, don haka ko yaron da ke magana sarai yana buƙatar malami. An sauƙaƙa musu a 1982 da aka rage alamomin da ake ɗorawa kan wasula. Wanda ya yi nisa yana iya zana jarrabawar shaidar iya Girkanci, wadda wata cibiya a birnin Tasalonika ke shiryawa ana yin ta a ƙasashe da dama. Sai dai awa biyu ko uku a mako ba sa sa yaro ya yi mafarki da harshe. Hausa ta rayu a zangunan Gana da garuruwan Sudan ne saboda ana ciniki da ita, ana faɗa da ita, ana yi wa yaro tatsuniya da ita. Inda babu zango, sai ɗaki ya ɗauki nauyin. Tunda kuna kai yara Islamiyya Asabar da Lahadi, ku iyaye ku nemi a ware ko da awa ɗaya ta Hausa bayan an tashi, a sa tatsuniya da kacici-kacici da gaɗa a ciki. In kun dawo gida kuma, ki yi musu magana da Hausa ko da sun amsa da Ingilishi, kada ki gaji, kuma kada a yi musu dariya in sun karya harshe, don dariyar manya ta rufe bakin yara da yawa.

A ƙarshe wani almajiri ya tambaya ko Girka ita ce Yunan da yake gani a littattafan malamai. Ita ce. Yunan ya zo mana ta Larabci, asalinsa sunan Iyoniya, wani yanki da Girkawa suka zauna a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau. Girka ya zo ta Ingilishi daga sunan da Romawa suka ba su. Su kansu ba sa amfani da ko ɗaya, ƙasarsu Ellada suke ce mata, kuma daga wannan tushe ne aka samu Helenawa da Helenanci da ke cikin littattafan coci na Hausa. Rum da ke cikin Alƙur'ani kuwa daular Rumawa ta gabas ce, mai hedkwata a birnin da yanzu ake kira Istanbul, wadda Girkanci ne harshenta, kuma har yau Turkawa suna kiran Girkawan da suka rage a birnin da sunan Rum.