Ibadata ta zama al'ada, ko zan iya sauya salo?

Tambaya: Malam, ina salla a kan lokaci, ina azkar safe da yamma, amma baki ne kawai ke motsi, zuciya tana can wani wuri. Ina son sauya salo, sai dai ina tsoron faɗawa bidi'a. Ina mafita?

Amsa: Malama, Allah Ya ƙara miki himma. Ba kanki farau ba. A Sahihu Muslim, sahabi Hanzala ya zargi kansa da munafunci don zuciyarsa kan yi sanyi idan ya koma cikin iyali da harkokinsa, Annabi (SAW) ya kwantar masa da hankali cewa kowane hali da lokacinsa.

Ginshiƙan salla da adadin raka'o'inta ba a taɓa su. Amma Sunna tana da faɗi, mu ne muka ƙuntata ta. Ɗauki tasbihin bayan salla: yawancinmu 33, 33, 33 da cikon ɗari da hailala kaɗai muka sani, alhali an ruwaito yin kabbara 34, an ruwaito 25 ga kowanne cikin huɗu, an kuma ruwaito goma-goma. Ranar da kika sauya, dole hankalinki ya dawo, don yatsu ba su saba da lissafin ba.

Haka surori. Wasu tun makarantar allo suke kan Ƙulhuwallahu da Inna A'aɗaina, ga furfura har ta fito. Haddace sabuwar sura ko gajera ce, ki karanta tafsirinta, sannan ki shiga salla da ita.

Filin da ya fi ko'ina yalwa shi ne addu'a. Bayan sallama, ko cikin dare, roƙi Allah da Hausarki, ki ambaci damuwarki da sunanta. Bilal ya lazimci yin nafila duk sanda ya yi alwala, Annabi (SAW) kuma ya ba shi labarin jin takunsa a Aljanna. Zaɓi naki aikin daga abin da shari'a ta buɗe: walaha, ciyarwa a ɓoye, ko karatu a Mus'hafi kafin asuba.

Inda ake zamewa shi ne mutum ya ƙirƙiro adadi da lokaci, ya yanka masa lada daga kansa, ya kira jama'a, irin saƙonnin WhatsApp ɗin nan na "karanta sau dubu ka tura wa mutum goma". Wannan ki bar shi. Kuma kada ki kwashi duka a mako guda. Fara da tasbihin, idan ya zauna ki ƙara surar.