Ina kuɗina ke kwana idan na zuba su a jarin taimakon al'umma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce, shekara huɗu ke nan ina ɗan ware wani abu daga albashina. Kwanan nan na ji ana maganar wata irin ajiya, wai kuɗin mutum za su gina wa marasa galihu gidaje ko su zama rance ga ƙananan manoma, kuma su dawo masa har da riba. Shin da gaske ne, ko dai sadaka ce aka sauya wa suna? Ta yaya zan gane ta gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da gaske ne, kuma ba sadaka ba ce, domin uwar kuɗinki tana nan a matsayin taki. Sai dai abubuwa daban-daban ne aka lulluɓe da mayafi ɗaya, kuma masu talla sun fi son kada ki ɗaga mayafin. Don haka duk wanda ya zo miki da wannan magana, ki fara tambayarsa: idan na ba ka kuɗina yau, a hannun wa za su kwana?

Mafi yawan abin da ake kira jari mai tsafta tacewa ce kawai. Asusun zai ce ba ya sayen hannun jarin kamfanonin giya, caca, taba ko makamai. Abin ya daɗe. A 1971 aka buɗe asusun Pax World a Amurka don waɗanda ba sa son kuɗinsu su shiga kamfanonin da ke cin ribar yaƙin Vietnam. Wannan yana wanke miki hannu, amma a nan ya tsaya. Hannun jarin da asusun ya saya a kasuwa daga wani mai hannun jari ya saye shi, kuma aljihun wancan mutumin kuɗin suka shiga. Ko sisi bai isa ga manomi ba.

Akwai kuma ajiyar raba riba: kuɗinki suna banki kamar kullum, ke kuma kin yarda a ba wata ƙungiyar agaji wani kaso na abin da suka haifa. A Faransa, inda aka tsara wannan harka sosai, ba a ba irin wannan asusu hatimin Finansol, wato shaidar da ake ba ajiyar taimakon al'umma da aka tantance, sai mai ajiya ya bayar da aƙalla kashi 25 cikin 100. Wannan kam kyauta ce, ta riba kaɗai.

Wanda kike tambaya a kai shi ne na uku, inda kuɗin da kansu suke tafiya aiki. Bari mu tsaya a Faransa, don misalinsu a fili yake. Suna da asusun da ake kira 90/10, kuma tun 2010 doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke da tsarin ajiyar ma'aikata ya sa irinsa cikin zaɓin da yake ba su. Idan kin zuba 100, tsakanin 5 zuwa 15 ne (kafin 2025 iyakar 10 ce, daga nan sunan ya samo asali) za su je ga masu aikin taimakon al'umma, sauran suna kasuwa kamar na kowa. Wasu na raina wannan kaso, ni ban raina shi ba: saboda ƙanƙantarsa ne ma'aikaci mai tsoron asara yake yarda ya shiga, kuma da yayyafi kogi kan cika. Amma ki san cewa wannan ɗan kason ne ke aikin, ba ɗari ba.

Mai son ɗarinsa duka su tafi aiki sai ya sayi hannun jari kai tsaye. Ƙungiyar Terre de Liens, wadda aka kafa a 2003, tana tara kuɗin mutane ta sayi gonaki, ta cire su daga hannun 'yan cinikin filaye, ta ba manoma haya. Mai jari a wurinsu ba a raba masa riba duk shekara. Abin da ya samu shi ne gona ta zauna gona. Oikocredit kuwa, da majami'u suka assasa a 1975 kuma take da hedikwata a Holan, tana ba ƙungiyoyin manoma da masu bayar da ƙananan rance bashi a Afirka, Asiya da Latin Amurka, ribar da take raba wa masu jari kuma 'yar kaɗan ce.

Wani salo da ke burge ni shi ne na gidan yarin Peterborough a Ingila. A 2010 masu jari 17 suka haɗa fam miliyan 5 don a riƙa tarbar fursunonin da aka yanke wa ƙasa da shekara ɗaya tun daga bakin ƙofa, a taimaka musu da wurin kwana, neman aiki da barin shaye-shaye. Sharaɗin shi ne sai sake aikata laifi ya ragu da kashi 7.5 cikin 100 kafin a biya su. In bai ragu ba, kuɗinsu sun tafi. A 2017 aka sanar da cewa ya ragu da kashi 9, aka mayar musu da uwar kuɗi da ribar da ta ɗan haura kashi 3 a shekara. Ki lura da shekarun: bakwai. Wannan harka ba ta mai gaggawa ba ce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sunan taimako ba ya hana cuta. Kowa ya san labarin Muhammad Yunus da dala 27 da ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra na Bangladesh a 1976, har abin ya zama bankin Grameen. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da manyan 'yan kasuwa suka hango maiƙo a rancen talakawa, abin ya sauya kama. Bankin ƙananan rance na Compartamos a Meziko ya shiga kasuwar hannun jari a 2007 yana karɓar kuɗin ruwa da ya kusa kashi 100 a shekara daga mata masu ƙananan sana'o'i, kuma Yunus da kansa ya soki lamarin. A 2010 sai da gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta taka wa masu irin wannan rance birki saboda matsin da suke yi wa masu bashi. Shi ya sa idan aka yi miki alkawarin taimakon talaka da riba mai tsoka a lokaci guda, ki tambaya daga jikin wa za a yanko tsokar.

Ko masu kyakkyawar niyya ma ba su tsira daga matsala ba. Bankin Triodos na Holan ya yi suna wajen bayyana duk wanda ya ba rance, amma a 2020 da kuma farkon 2021 ya dakatar da cinikin takardun jarinsa. Dubban mutane suka kasa fitar da kuɗinsu, kuma da aka sake buɗe ciniki a 2023 farashin ya faɗi sosai. Masu ajiya ta yau da kullum a bankin abin bai shafe su ba, masu jari ne suka ji jiki. Ajiya daban, jari daban, kuma inshorar da hukumomi ke yi wa ajiyar banki ba ta rufe hannun jari.

Ba ki ambata ba, amma na san mutane da dama za su yi tunanin kuɗin ruwa. Gaskiya yawancin misalan nan da shi suke tafiya. Akwai waɗanda aka gina bisa ƙa'idar Musulunci, kamar sukuk (takardun jari marasa kuɗin ruwa) na dala miliyan 500 da IFFIm, hukumar ƙasa da ƙasa mai tara kuɗin rigakafi, ta fitar a 2014 don rigakafin yara, da wanda Khazanah, cibiyar zuba jari ta gwamnatin Malesiya, ta fitar a 2015 don inganta makarantu. Sai dai irin waɗannan galibi manyan cibiyoyi ake sayar wa, sai ki nemi asusun da ke riƙe da su, ki kuma ga sunayen malaman da suka duba shi.

Da ni ne ke, zan fara ware kuɗin da za su riƙe ni wata shida in ajiye su inda hannuna zai kai a kowace rana. Daga abin da ya rage ne zan ɗauki wani kaso da zan iya mantawa da shi shekara biyar. Kafin in sa hannu, sai an nuna mini lasisin hukumar da ke sa ido a kansu, da rahoton shekara da masu binciken kuɗi na waje suka tantance, da jerin ayyukan da aka ba kuɗi, kowanne da sunansa da adadinsa. Hotunan yara suna murmushi ba rahoto ba ne. Sannan ki sa a rubuta miki a takarda kwana nawa za ki jira ranar da kika ce kina son kuɗinki, da nawa za a cire.