Tallafin binciken karaya, da bugun jinin da ke yaudarar likitoci

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina shekara ta uku a horon tiyatar ƙashi. Sau biyu ana mayar mini da takardar neman tallafi a kan karayar ƙashin ƙauri da gudanar jini a ƙafa, alhali na bayyana cewa zan riƙa duba bugun jini a bayan ƙafar kowane majiyyaci. Hankalina ya tashi, shin sai mai uwa a gindin murhu ne yake samu?

Amsa: Likita, kwantar da hankalinka. Gidauniyar AO ta likitocin karaya da ke Dabos a Suwizalan, wadda aka kafa a 1958, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila da gidauniyar binciken ƙashi ta OREF ta Amurka duk suna tallafa wa masu karɓar horo, ko da yake tarin takardun da ake cikewa yana gajiyar da mutum.

Sai dai da ni ne mai tantancewa, ni ma da na mayar da takardarka, saboda ma'aunin da ka zaɓa. Kullum ina jin ƙananan likitoci suna cewa tunda akwai bugun jini, ƙafa lafiya take, kuma wannan magana ta sa an yanke ƙafafun da bai kamata a yanke ba. Idan kumburi ya taru a cikin tantanin da ya lulluɓe tsoka, ƙananan hanyoyin jini ne suke fara toshewa, babbar jijiyar jini kuwa tana ci gaba da bugawa yayin da tsokar take mutuwa. Bayan awa 6 zuwa 8 ba jini, abin da ya mutu ba ya dawowa. Tun 1881 likitan tiyata Bajamushe Richard von Volkmann ya bayyana shanyewar hannu da ɗauri mai tsanani yake haddasawa, amma har yau ana naɗa filasta tamau a sallami mutum da maganin ciwo. Alamar farko ita ce zafin da ya wuce misalin raunin, musamman idan aka miƙe yatsun majiyyaci. Wanda ya jira ɓacewar bugu, ya makara.

Sake rubuta takardarka a kan awon matsin cikin tsoka. Binciken likitocin ƙashi McQueen da Court-Brown na 1996 a Edinbara ya nuna cewa idan tazarar da ke tsakanin lambar ƙasa ta awon hawan jini da wannan matsi ta gaza milimita 30 a ma'aunin hawan jini, lokacin tsaga tantanin ya yi. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a tun kafin ka miƙa ta.