Jinina AS ne, in tafi Namche Bazar ko in fasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a Indiya, shekarata 26. Mu huɗu muka shirya zuwa Nepal a watan Oktoba, mu sauka a Lukla mu taka zuwa Namche Bazar don mu hango tsaunin Everest. Abokaina sun ce tunda ina buga ƙwallo, ciwon tsauni ba zai kama ni ba. Amma jinina AS ne, kuma hankalin mahaifiyata ya ƙi kwanciya. In fasa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Damuwar Hajiya tana kan hanya, amma ban ce ka fasa ba tukuna. Ka fara sake gwajin jini a asibitin da aka yarda da shi. In ya fito SS ko SC, magana ta ƙare, ba za ka ba. In AS ne, da yawa suna zuwa su dawo lafiya, sai dai ƙarancin iska da ƙishirwa da wahala kan toshe wa mai AS jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Da ka ji shi, ka tsaya, ka sauko, ka nemi asibiti.

Maganar abokanka ce ta fi tayar min da hankali, don kusan kullum sai na ji irinta. Ɗana, tsauni bai san ɗan ƙwallo ba. Namche tana mita 3,440 sama da teku. Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, ko Lukla inda za ku sauka ya fi shi. Duk numfashin da ka ja a Namche, kusan kashi biyu cikin uku na iskar da ka saba samu ne zai shiga. Jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba, kuma ƙarfin jiki ba ya rage kwanakin nan. Masu ƙarfin ma su suka fi faɗawa, domin su ke wuce kowa a hawan da ke bayan doguwar gadar Hillary, su isa gari da wuri suna murna, dare ya yi kai ya fara sara.

Daga nan sai kuskure na biyu, wanda namu ne na gida. Mun saba duk ciwon kai da kasala maleriya ce, sai a haɗiyi Panadol a ci gaba. A can, ciwon kai tare da tashin zuciya, rashin cin abinci ko jiri, ciwon tsauni ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Panadol zai danne ciwon, amma ba zai hana ruwa taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura ba. Mai wannan alama ba ya ƙara hawa. In yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko ka ja layi a ƙasa ya kasa bi dunduniya na taɓa yatsa, to a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Kada ka saurari ɗan rakiyar da zai ce miyar tafarnuwa za ta warware komai, ko abokin da ke lissafin kuɗin da aka kashe. Raina yana ɓaci da masu sayar da Diamox, maganin ciwon tsauni, kamar alewa. Magani ne mai amfani, yana taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta maka, kuma yana sa yawan fitsari, abin da mai AS zai rama da shan ruwa sosai.

Ku kwana a ƙauyen Phakding da ke tsakanin Lukla da Namche ranar farko, sannan ku yi kwana biyu cur a Namche. Rana ta biyu ku hau a hankali zuwa otal ɗin Everest View, mita 3,880, ku sha shayi kuna kallon Everest da tsaunin Ama Dablam, ku leƙa ƙauyen Khumjung inda Edmund Hillary, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara kaiwa ƙololuwar Everest, ya gina makaranta a 1961, ku dawo Namche ku kwana. In kun dace da Asabar, akwai kasuwa. Nama kuwa ku haƙura da shi: ba a yanka a yankin, daga ƙasa ake ɗauko shi a baya kwana da kwanaki. Shinkafa da miyar wakensu, dal bat, ta wadatar. In garken yak, wato shanun tsauni masu dogon gashi, ya taho, ku raɓe ta gefen dutse, ba ta gefen kwari ba.

In za ku wuce Namche, kada wurin kwananku ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, amma kai da AS na fi so ka tsaya iya nan. Ka sayi inshorar da ta ƙunshi ɗauka da jirgi mai saukar ungulu, ka gaya wa abokanka da ɗan rakiya cewa jininka AS ne tun a Kathmandu, babban birnin Nepal. Sannan ka kira Hajiya ka karanta mata wannan tsarin.