Sulallan cikin gwangwani

Tambaya: Salam Malam, na tarar da gwangwanin madara cike da sulalla a akwatin marigayi babanmu, kwabo 1, kwabo 10 da kwabo 25 na 1973, wai suna da daraja? In wanke su da toka su yi ƙyalli?

Amsa: Allah ya jiƙan baba. ’Yar uwa don Allah kar ki wanke su, toka ko lemon tsami na kankare fuskar sule, masu tara tsofaffin sulalla kuma da sun ga alamar gogewa shikenan farashi ya faɗi. Gaskiya yawancinsu ba za su yi tsada ba, an buga su da yawa kuma sun sha hannu a kasuwa. Abin da ake dubawa lafiyar sulen ne, kamfanonin Amurka masu tantance sulalla irin su PCGS da NGC suna ba da maki daga 1 zuwa 70, daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai taɓa yawo ba. Ki ɗauki kwabo 25 ɗin ki duba dalar gyaɗan da ke jiki, in layukan buhunan sun fito ras ba su shafe ba to ki ware shi daban, ki riƙe shi ta gefe, ki sa a ’yar takarda inda babu danshi.