Zan iya rushe guntun bangon matakala in sa shingen waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi gidan bene a Kaduna, matakalarsa tana da guntun bango da ya kai ƙugu tun daga ƙasa har sama, ya sa falon duhu. Ina so in rushe shi in sa shingen wayar ƙarfe irin na zamani. Birkilana ya ce aikin yini ɗaya ne, tunda bangon bai taɓo sama ba babu abin da yake ɗauke da shi. Hankalina bai kwanta ba, don ba a ba ni zanen gidan ba, kuma ina da yara ƙanana.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka dakatar da birkilan nan tukuna.

Wannan magana ta "bai taɓo sama ba, don haka ba ya ɗauke da komai" ta zama ruwan dare a bakin masu gini, kuma da ita ake lalata matakala. Mutane sun ɗauka bim, wato dogon kankare mai rodi da ke ɗaukar nauyin gini, kullum a ƙarƙashin abin da yake ɗauka yake zama. Ba haka ba ne. Akwai bim ɗin da ake juyawa sama: a zuba shi tare da kankaren matakala, rodinsa a ɗaure da na matakalar, ya taso a gefe yana riƙe da ita daga sama. Ana yin haka idan ba a son bim ya zazzago ya tsone wa mutane ido a falo, ko zai hana mutum wucewa ta ƙarƙashi. Daga baya a ɗora bulo layi biyu ko uku a kansa, a shafe da filasta, a yi fenti. Duk wanda ya kalla zai rantse bango ne kawai. Irin wannan bim ya fi yawa a bakin ramin matakala a hawa na sama da kuma gefen wurin hutawa na tsakiya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba a ranar matakalar take faɗuwa ba. Birkila ya yanke rodi, ya hau ya yi tsalle, ya ce ka gani Alhaji, ya karɓi kuɗinsa. Bayan watanni sai tsaga ta fito a ƙarƙashin matakalar, tayil ya fara ɗagowa, tsakiya ta lotsa. A lokacin birkilan ya sauya lambar waya. Rodin da aka yanke kuwa ba ya komawa yadda yake don mai walda ya ɗiga masa wuta. Ni abin da ke ba ni haushi, mutumin da bai taɓa karanta zanen rodi ba shi ne yake yanke hukunci da ido a kan abin da iyali za su riƙa takawa safe da yamma. Shekara talatin yana jera bulo ba ta sa ya san inda nauyi yake bi.

Gwajin ba shi da wuya. A kankare filasta kamar faɗin tafin hannu a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, kuma dab da matakan, don can bim yake ɓuya. Idan bulo aka gani da layin siminti har ƙasa, alama ce mai kyau. Idan kankare ne mai tsakuwa, a tsaya. Ka leƙa ƙarƙashin matakalar: doguwa ce, kaurinta bai kai milimita 150 ba, kuma babu bim ko bango a ƙasa? To akwai abin da ke riƙe da ita, kuma mai yiwuwa shi kake shirin fasawa. Ka kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba, ka nemi lambar rajistarsa. Idan bim ne, ana cire bulon da ke kansa kawai, a kafa shingen a kan bim ɗin.

Idan ya tabbata bulo ne, a kashe wuta daga akwatin rarrabawa, don sau da yawa wayar makunnin matakala ta cikin bangon take bi. A rufe matakan da katako, a yanka da giranda, a sauke layi-layi daga sama. Ban da babbar guduma, kuma kada a tara ɓaraguzai a wurin hutawa.

Wajen shingen, ƙarfinsa a sanduna yake. Tsayinsa kada ya gaza milimita 900 daga bakin mataki, a saman bene na fi son 1,100. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ƙwallo mai faɗin milimita 100 ta iya ratsawa, amma waya tana buɗewa idan an tura ta, shi ya sa ake jera ta da tazarar milimita 75. Wannan zai ba ka waya kamar 11. Kowace idan an ɗaure ta tana jan abin da ya kai kilo 100, wato sandar ƙarshe tana fama da sama da tan guda. Siririn bututun ado da ake yin shingen baranda da shi lanƙwashewa zai yi. Sandunan ƙarshe su zama bututu mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin ƙarfen milimita 4 zuwa 5, na tsakiya kada tazararsu ta wuce mita 1.2. Madafar sama ta zama ƙarfe mai ƙwari da ya haɗa sandunan duka, ita ce ke hana na ƙarshe rusunawa ciki.

Gindin kowace sanda a yi masa faranti mai kauri milimita 10 da noti huɗu na milimita 12, a dasa su cikin kankare da gam ɗin dasa ƙarfe, zurfin kamar milimita 100. Noti mai buɗewa idan ya matsi baki yana fasa gefen mataki. A kan tayil ko bulo mai rami ba a kafa sanda. Wayar ta zama mara tsatsa, lamba 316, kauri milimita 4. A kasuwa ana sayar da mai lamba 201 da sunanta, kuma gwajin maganaɗisu ba ya bambance su. Ramukan sanduna a huda su bisa gangaren matakalar, in ba haka ba wayar za ta karye a bakin rami. Wajen ɗaurewa a fara da ta tsakiya, a riƙa yin sama da ƙasa bi da bi, bayan wata guda a sake matsewa.

Sai batun yaranka. Wayar da aka jera a kwance tsani ce ga ɗan shekara biyu, musamman a saman bene inda take miƙe sosai. Can ka sa a jera wayar a tsaye, ko a yi sandunan ƙarfe, ko a rufe ta ciki da gilashi mai ƙwari har su yi wayo.