Na gaji da intanet mai jan ƙafa, wanne zan saka a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun zamanin da ake shiga intanet ta layin wayar NITEL nake fama da jira, har yau kuma tsohon modem ɗin da ake sokawa a kwamfuta nake amfani da shi. Yarana uku suna karatu ta bidiyo, ni kuma ina taro ta Zoom. In sayi rauta ne, wato na'urar da ake saka wa sim ta raba intanet a gida, ko in jira fiba, intanet ɗin da ake jawowa har gida ta kebul, ta iso unguwarmu a Zariya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tuna mini da ƙugin nan da shewa da modem ke yi kafin layi ya haɗu, da wani ya ɗaga wayar falo kuwa sai komai ya yanke. Iyakar gudun wancan layi kilobit 56 ne a daƙiƙa ɗaya. Hoto mai nauyin megabait 5 sai ya ci kusan minti 12 kafin ya sauko, alhali a layin megabit 20 daƙiƙa biyu sun isa. Ko a Amurka, kamfanin intanet na AOL ya rufe wannan hanya ta layin waya a watan Satumban 2025.

In fiba ta riga ta shigo layinku, ita ce gaba, domin ba ta damu da cunkoson turken sabis ba. In kuwa alƙawari ake ta yi, kada ka bar karatun yara yana jiran alƙawari, ka sayi rauta ta 4G ko 5G.

Amma kafin ka fitar da ko naira ɗaya, ari sim na kamfanoni biyu ko uku ka gwada su a cikin ɗakin da za a ajiye rautar, tsakanin sallar isha'i da ƙarfe goma, lokacin da duk unguwa ke kan waya. Gudun da aka rubuta a jikin kwali ba shi ne zai shigo gidanka ba. Ka duba gudun aikawa ma, wato saurin fitar hoto da murya daga wajenka, don shi ne ke hana fuskarka daskarewa a tsakiyar taro. Na taɓa zuwa wani gida da suke kuka da kamfani, ashe rautar tana bayan talabijin a lungu. Da muka ɗora ta kusa da taga, gudun ya kusa ninkawa.

Ka tambayi mai sayarwa gigabait nawa za ka ci kafin a rage maka gudu, ko da ya ce maka ba iyaka. Gidan da yara uku ke kallon bidiyo yana saurin kai wa wannan iyaka. Sannan ka haɗa da ƙaramin batirin rauta, saboda ɗauke wuta.

Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana da amfani ga wanda yake nesa da sabis, sai dai yana da tsada, yana cin wuta, yana kuma son sarari ba rufin bishiya. A cikin garin Zariya ba zan fara da shi ba, sai gwajin sim ɗin ya gaza.